Majiyar da Sadiqa Ta Ƙi Faɗa

Sadiqa Falalu ba ta daɗe da kama aiki a wani ƙaramin gidan rediyo mai zaman kansa a Kazaure ba, maganar ruwan leda ta taso. Tsakiyar bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, duk inda ka duba a tasha ko kasuwa ko bakin makaranta leda ce a bakin mutane. Sai yara suka fara kwanciya da amai da gudawa, a cikin gari da ƙauyukan Roni da Gwiwa, ba wanda ya san daga inda abin ya ɓullo.

Ana cikin haka wata mata ta kira ta a waya. Sunanta Batulu, ita ke kula da matan da ke jera ledoji a jaka a kamfanin ruwa na Alhaji Muhammadu Lawal. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, gidan da take zaune a ciki ma na Alhajin ne. Kafin ta ce komai sai da ta sa Sadiqa ta yi mata alkawarin cewa sunanta ba zai fito ba, ko wa ya tambaya. Sannan ta gaya mata cewa injin tace ruwa ya lalace tun kafin azumi, Alhaji kuma ya ce a ci gaba da ɗurawa haka nan, gyara ya jira sai kasuwa ta lafa. Ta ce da ta so ta kama bakinta, to amma ta je duba ɗan maƙwabciyarta a asibiti, ta tarar da uwar tana jiƙa masa magani da ruwan kamfaninsu. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata.

Sadiqa ba ta ɗauki maganar ta kai ɗakin labarai a ranar ba. Ta sayo ledojin a wurare daban-daban, aka kai su gwaji Kano, sakamako ya dawo da abin da ake tsoro. Ta zaga ta ji ta bakin iyayen yara da ma'aikatan jinya. Ta yi ta zarya ofishin Alhaji domin a ji nasa ɓangaren, kullum a ce mata ba ya nan, daga ƙarshe ya aiko mata cewa ba shi da lokacin yara. Editanta, Malam Nuruddeen, ya bi rahoton layi-layi, ya tambaye ta ko mai ba ta labarin ya gani da idonsa ne ko ji ya yi. Da ta ce ganau ne, ya ce ta riƙe sunan a cikinta, shi ma ba ya bukata.

Rahoto ya fita a labaran safe. Kafin azahar garin ya ɗauka.

Washegari tana zaune tana gyara muryoyin wani shiri, mai gadi ya leƙo ya ce wata mata tana nemanta a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa. Sadiqa ta fita ta tarar da matashiya da goyo, idanunta sun kumbura. Ta ce sunanta Bahijja, matar Kashim ce, mai kula da injin kamfanin. Tun da sassafe Alhaji ya kore shi daga aiki, ya kuma kai ƙararsa wajen 'yan sanda cewa shi ya lalata injin da gangan sannan ya kai tsegumi rediyo. Yanzu haka yana tsare.

Sadiqa ba ta taɓa magana da Kashim ba, ko fuskarsa ba ta sani ba. Nan take ta gane inda aka samu matsala. A cikin rahoton ta ce wani da ke aiki a cikin kamfanin ya tabbatar musu cewa injin ya lalace tun kafin azumi. Batulu kuwa ta gaya mata cewa waɗanda suka san da maganar ba su da yawa: Alhaji da ɗansa Ahmad, sai Kashim, sai ita. Wannan 'yar jimla da ta rubuta da hannunta ita ta nuna wa Alhaji inda zai duba.

Bahijja ta kama hannunta ta ce, "Ni ban ce ki faɗi wanda ya gaya miki ba. Ki je ki ce musu ba mijina ba ne, shi ke nan. Ke kin san ba shi ba ne."

Sadiqa ta buɗe baki, maganar ta zo har leɓenta, ta mayar da ita. Idan ta wanke Kashim, Alhaji ba zai zargi ɗansa ba. Mutum ɗaya ce za ta rage. Ta ce wa Bahijja ta yi haƙuri, ba ta da ikon cewa wane ne ko ba wane ba ne, amma za ta bi maganar tsare shi yau ɗin nan. Bahijja ta saki hannunta a hankali, ta dube ta daga sama har ƙasa, ta gyara goyonta ta juya ba ta ce komai ba. Da zagi ta yi da ya fi wa Sadiqa sauƙi.

Ba ta gama dawowa hayyacinta ba mahaifinta ya kira, ya ce ta zo gida bayan la'asar.

Malam Falalu tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, mutum mai kiyaye zumunci da girman manya. Shi da Alhaji Muhammadu Lawal tare suka tashi, Alhajin ne ma ya karɓi waliccin auren yayar Sadiqa. Saboda haka ba ta yi mamaki ba da ta ga motarsa a ƙofar gida. Ta cire takalmi ta shiga falo, ta durƙusa ta gaishe su. Mahaifinta ya amsa a taƙaice. Alhaji bai amsa ba.

Da Alhajin ya fara magana ya daɗe yana yi, kuma ba duka maganarsa ce ta banza ba. Ya ce ya riga ya yi odar kayan gyaran injin, hanya ce ta riƙe su. Ya ce akwai mata da yawa da ke ci daga kamfanin nan, zawarawa da marayu, yanzu dillalai sun fara dawo da kaya, wa zai ciyar da su? Ya ce da ta zo masa a matsayin 'ya da an kashe maganar a cikin gida. Sadiqa, kanta a sunkuye, ta tuna masa cikin ladabi cewa ta je ofishinsa ba sau ɗaya ba, kuma har yanzu ƙofa a buɗe take, duk abin da ya faɗa za a sa shi yadda ya faɗa, ba ragi ba ƙari.

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Muryarsa ta sauko, ta yi laushi, abin da ya fi ba ta tsoro.

"Ban tambaye ki suna ba, 'yata. Abu ɗaya nake so. Kashim ne ko ba shi ba ne? In kin ce ba shi ba ne, kafin magariba yana gidansa."

Fuskar Bahijja ta tsaya wa Sadiqa a ido, ga kuma muryar Batulu a waya tana rawa.

Ta ce, "Baba Alhaji, ka gafarce ni. Ba zan ce shi ne ba, ba zan ce ba shi ba ne. Ko sunan wa aka kawo mini, amsata ke nan."

Mahaifinta ya ce, "Sadiqa, babanki ne yake tambayarki."

"Na sani, Baba. Amana na ɗauka."

Alhaji ya miƙe ya saɓa babbar rigarsa. Ya ce wa Malam Falalu ya ga irin tarbiyyar zamani, ya fita. Mahaifinta ya raka shi har mota, da ya dawo bai ko dubi inda take durƙushe ba, ya wuce ciki.

Daga nan ofis ta koma. Ta zayyana wa Malam Nuruddeen komai, ban da sunan. Ya cire tabarau ya murza idanunsa, ya ce jimlar nan laifinsu ne su biyu, domin shi ma ya karanta ta ya bar ta ta wuce. Da sun tsaya a kan sakamakon gwaji da ya wadatar. Amma abin da ya fita ya fita. Ya ce mutum ɗaya ne kawai zai iya warware ta daga alkawarin, wato wanda ta yi wa shi. Ta je ta sanar da shi halin da ake ciki, amma kada ta matsa, kada ta roƙa, kada ta sa masa jin kunya. In ya ce a'a, a'a ɗin ce. Shi kuma zai tura wani ya ji ta bakin 'yan sanda a kan tsare Kashim, domin wannan ma labari ne da jama'a ke da hakkin ji.

Batulu ba ta gari. Da aiki ya tsaya saboda dillalai sun daina ɗaukar kaya, ta kwashi yara ta tafi wajen mahaifiyarta, a wani ƙauye da ke kan hanyar Roni. Sadiqa ba ta so a ga ta nufi can kai-tsaye, don haka da safe ta shiga motar Roni da rikodarta a hannu kamar mai zuwa jin farashin hatsi. Ta ɗan zaga kasuwa, ta yi hira da masu gero, tana yi tana waiwaye. Sai da ta tabbatar ba idon sani ta ja hijabinta ta hau babur.

Ta tarar da Batulu a bayan gida tana sussukar dawa kusa da rumbu. Da ta ga Sadiqa sai taɓaryar ta kusa suɓuce mata. Ta kori yaran, ta ja ta inuwa, ba ta ko ba ta tabarma ba. Sadiqa ta gaya mata komai: korar Kashim, tsare shi, zuwan matarsa, da tayin da Alhaji ya yi. Ba ta ɓoye cewa kalmominta ne suka jawo ba, ta nemi afuwarta.

Batulu ta zauna a kan turmi. Ta ce ta riga ta ji an kama shi, tun jiya ko ruwa bai wuce mata da daɗi ba. Ta ce Kashim mutumin kirki ne, shi ne ma ya fara gaya wa Alhaji a gabanta cewa ruwan nan bai kamata ya fita ba. Amma ita ina za ta kai yaran nan in aka fitar da ita daga gidan? Ahmad ya riga ya fara bin matan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wadda take da ɗan'uwa a rediyo. Ta ɗago ido jawur ta ce, "Kin zo ne in sake ki?"

"A'a, Yaya Batulu. Na zo ne ki san abin da ake ciki daga bakina. Abin da kika ce shi zan yi."

Kaji suna ta tsattsagar dawar da ta zube, ba wadda ta kore su.

"Ki yi shiru," in ji Batulu. "Allah Ya yafe mini, amma ki yi shiru."

Sadiqa ta ce to. A hanyar dawowa, a matse tsakanin wata tsohuwa da buhun gyaɗa, ta ji haushin Batulu ya taso mata, sai kuma ta ji kunyar haushin. Ita da take kwana a gidan ubanta, da wane baki za ta ce wa bazawara ta yi ƙarfin hali?

Da yamma gidan rediyon ya ba da labarin tsare Kashim. An faɗi ƙarar da Alhaji ya shigar yadda 'yan sanda suka bayyana ta, an faɗi cewa iyalinsa sun musanta, an kuma faɗi cewa an nemi Alhaji bai ce komai ba. Malam Nuruddeen ya ƙara da bakinsa cewa gidan ba ya bayyana majiyarsa, ba ya kuma tabbatarwa ko musanta sunan kowa. Washegari yayan Kashim, wani mai suna Madu da ke sayar da dabbobi a Babura, ya zo ya tsaya masa aka ba da belinsa. Ƙarar dai tana nan ba a janye ba.

Sadiqa ta yi ta juya maganar zuwa gidansa. Ba wanda ya aike ta, kuma ta san ba maraba za a yi da ita ba. Ta tafi duk da haka. Bahijja ce ta leƙo, ta gan ta, ta koma ciki ba ta amsa sallama ba. Can sai ga Kashim ya fito zaure, dogo siriri, hannayensa duk tabon baƙin mai. Madu ya biyo shi ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu.

Ta gabatar da kanta, ta ce ta zo ne ta ba shi haƙuri a kan abin da rahotonta ya jawo masa. Ya saurare ta har ta gama. Ya ce a unguwa yanzu kashi biyu ake: masu ce masa maci amana, da masu zuwa su yi masa sannu da jarumtar da bai yi ba. Ya ce bai san wanne ya fi ci masa rai ba. Sannan ya dube ta kai-tsaye.

"Na kwana a bayan kanta saboda mutumin nan. Ko ni ba za ki gaya wa ba?"

"Ko kai, Malam Kashim."

Madu ya yi tsaki ya ce su tashi, wannan ba ta zo da alheri ba. Kashim bai motsa ba. Ya murza tafin hannunsa, Sadiqa kuwa ta fara neman takalminta da ido. Sai ya ce tun ranar da injin ya tsaya ya so ya fito ya faɗa wa jama'a, tsoro ya hana shi. Ya yi shirun, kuma ga shi an kore shi an ɗaure shi a kan maganar da bai yi ba. To tunda ya riga ya sha dukan, gara ya faɗi abin da ya sani da sunansa. Ya ce ta kunna rikodarta.

Ba ta kunna ba. Duk da cewa irin muryar da kowane ɗan jarida ke nema ke nan, ta ajiye rikodar a cinyarta ta gaya masa abin da zai biyo baya. Ƙarar da aka kai shi tana gaban hukuma, duk abin da ya faɗa za a iya amfani da shi. Alhaji ba zai taɓa mayar da shi aiki ba. Kuma duk wanda ya ji muryarsa zai ɗauka shi ne ya kawo labarin tun farko, ita kuwa ba za ta fito ta gyara wannan zaton ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi mata nauyi a baki, domin ta san wa zaton zai rufa wa asiri, ta kuma san tana so ya rufa ɗin. Ta ce ya kwana da maganar, ya shawarci yayansa da matarsa da wani lauya, in ya ga har yanzu yana so, ya same ta a ofis.

Ta fita tana jin kamar ta yar da abin da ba za ta sake samu ba. Malam Nuruddeen da ya ji bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta yi kuskure ba, ya dai ce su jira.

Sun jira har ta fara cire rai. Ran nan da hantsi sai ga Kashim da Madu a bakin ƙofa, Madun yana ta ɓata rai amma ya zo. Kashim ya zauna gaban makirufo ya faɗi ranar da injin ya fara ba da matsala, da abin da ya gaya wa Alhaji, da amsar da aka ba shi. Bai zagi kowa ba. Kafin a sa hirar, Sadiqa ta sake kiran Alhaji ta karanta masa abin da aka faɗa a kansa. Wannan karon ya yi magana, a fusace, ya ce kayan gyara suna hanya kuma bai taɓa nufin cutar da ɗan kowa ba. Ta sa maganarsa cikakkiya, dab da ta Kashim.

Bayan haka jami'an duba-gari suka rufe kamfanin sai an gyara injin an sake gwada ruwan. Ƙarar da aka kai Kashim ta mutu a hankali, don ba wanda ya zo da shaida. Yara suka daina kwanciya. Matan kamfanin, har da Batulu, suka zauna a gida ba aiki har damina ta faɗi, wasu cikinsu in sun hangi Sadiqa a hanya sai su kau da kai. Da aka sake buɗewa aka kira su duka, ban da Kashim. Shi ya koma gyaran injinan ban-ruwa wajen masu lambu a bakin dam, wata rana a samu, wata rana a dawo haka nan.

A gida kuwa Malam Falalu ya daɗe ba ya amsa mata fiye da gaisuwa. Abotarsa da Alhaji ba ta koma yadda take ba, kuma bai taɓa cewa ya yafe wannan ba. Sai wata safiya tana shirin fita, yana zaune a tsakar gida yana karyawa, ya kira ta ya ce ya ji ana ƙorafin takin da ake sayarwa a wajen Gwiwa, manoma suna cewa rabinsa yashi ne. Ya ce shi dai ji ya yi, bai gani ba, in za ta je ta duba da kyau kafin ta faɗa. Ta durƙusa ta ce to, Baba. Ya ci gaba da shan kokonsa, ita kuma ta fita neman motar Gwiwa.